Daga Gimi zuwa Ikara: Tarihin Kafuwar Ikilisiyar Hausawa ta Ɗarikar Angilikan a Arewacin Zazzau

Ikilisiyar Hausawa ta ɗarikar Angilikan da ke ƙasashen Ikara, Makarfi da Kudan, a arewacin Jihar Kaduna, ta haura shekara 100 da kafuwa, idan aka soma lissafi daga ƙauyen Gimi, inda jama'arta ta farko ta zauna wajen 1915. Kalmar ikilisiya, wadda asalinta Helenanci ne, tana nufin taron masu bi, shi kuwa ginin da suke taruwa a cikinsa majami'a ake ce masa, ko coci a bakin yawancin mutane. Angilikan kuma suna ne na ɗarikar da ta samo tushe daga Cocin Ingila, wadda tsarinta ya ginu a kan shugabancin bishop da kuma littafin addu'a guda da kowa yake bi a lokacin sujada. Yankin da ake magana a kansa ƙasar noma ce, mai rake da masara da tumatir da barkono, mafi yawan mazaunanta Musulmi ne tun zamani mai nisa, kuma tana ƙarƙashin Masarautar Zazzau. Saboda haka mutane da yawa suke ɗauka cewa duk Kiristan da aka gani a Paki ko Hunƙuyi baƙo ne da fatauci ko aikin gwamnati ya kawo shi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba, domin jijiyoyi biyu da wannan ikilisiya ta tsiro daga gare su duka na gida ne: zuriyar wasu malamai da ake kira Isawa, da manoman karkara da ake kira Maguzawa.

Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka kafa a Landan a 1799 kuma aka fi saninta da CMS, ta daɗe tana da burin isa ƙasar Hausa kafin ta samu hali. A 1900 ne Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar daga Ikko har zuwa Kano, cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin alhazai da fatake. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su masauki na dindindin ba, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki, sai suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Bayan da Turawa suka ci ƙasar, Miller ya samu izinin zama cikin birnin Zariya a 1905, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya kuma duƙufa ga fassarar Littafi Mai Tsarki. Zaman nasa bai zo da sauƙi ba, domin gwamnatin mulkin mallaka ta riga ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, shi kuma Miller mutum ne mai kaifin harshe, wanda ba ya iya yin shiru idan ya ga an zalunci talaka ko an ci amanar haraji. Wannan hali ya jawo masa saɓani da fada da kuma jami'an Turawa, har wasu suna ganin ya wuce gona da iri, amma daga nan ne ikilisiyar ta gaji ɗabi'ar ɗaukar ƙarar marar galihu a matsayin wani ɓangare na ibada.

Shekara takwas Miller ya yi a birnin ba tare da ya tara jama'ar da za a kira ikilisiya ba, sai ɗaiɗaikun mutane da yaran makaranta. Abin da ya sauya lamarin ya fito ne daga inda bai taɓa tsammani ba, kuma asalinsa ya girmi zuwan Turawa da kusan shekara 40. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birnin mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarin da ya yi wa Alƙur'ani ya sa ya mayar da hankali ƙwarai ga matsayin Annabi Isa, har ya tara almajirai masu wannan ra'ayi. Hukumar lokacin ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga hanya, aka kashe shi a kasuwar Kano a cikin shekarun 1860, mabiyansa kuma suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Su ne ake kira Isawa, wato mutanen Isa, wasu kuma suna ce musu Bani Isra'ila. Ba Kiristoci ba ne a wancan lokaci, domin ba su taɓa ganin mai bishara ba, kuma karatunsu na allo ne da littattafan Larabci kamar sauran malamai. Abin da ya bambanta su shi ne sauraron da suke yi na wani ƙarin bayani game da Isa, wanda magabatansu suka ce zai zo musu wata rana.

A 1913 wasu samari daga cikin zuriyar waɗannan mutane suka iso gidan Miller a Zariya suna neman a karanta musu Linjila. Aka aika ma'aikatan mishan suka zaga ƙauyukansu, suka tarar da gidaje a warwatse, masu ilmin addini da kamun kai, waɗanda suka saba zama saniyar ware a tsakanin maƙwabtansu. Da yawa daga cikinsu suka karɓi baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, sai tambaya ta taso game da inda za su zauna su yi sujada tare, su kuma koya wa 'ya'yansu karatu. Aka nemi fili, aka samu a Gimi, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi, kusa da hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911. Nan aka tara kimanin mutum 120, maza da mata da yara, aka ɗora kulawarsu a hannun Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, wanda kakanninsa bayi ne da aka kwashe daga Afirka.

Ya kamata a dakata kaɗan a kan wannan haɗuwa, domin a cikinta ne halin ikilisiyar ya fara bayyana. Jikan bayi da aka ƙetare teku da su ya komo ya zama limamin jikokin malaman da aka kora daga birni, a kan filin da ke ƙarƙashin sarki Musulmi, harshen da ya haɗa su kuwa Hausa ce. A Gimi ba a tambayi mutum ko ɗan wane ne kafin a ba shi gona, kuma malami da manomi da wanda bai daɗe da fita daga bauta ba duk tabarma ɗaya suke zama a kai ranar Lahadi. An gina majami'a da makaranta da ƙasa da ciyawa, irin ginin da kowa ya sani, yara mata suna zuwa aji tare da maza a lokacin da karatun boko na 'ya mace abin mamaki ne a duk faɗin Arewa. Thompson, wanda ya tashi a ƙasar rake, ya lura da fadamun yankin, ya kawo dabarar matse rake da dafa ruwansa har ya daskare, kuma tarihin mishan yana danganta yaɗuwar sana'ar mazarƙwaila a wannan ƙasa da aikin da aka fara a Gimi. Duk wanda ya san matsayin rake da mazarƙwaila a arzikin Makarfi da Kudan a yau, inda mafi yawan masu sana'ar Musulmi ne, zai gane cewa hidimar farko da wannan ƙaramar jama'a ta yi wa maƙwabtanta ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba. Waɗannan 'yan shekaru su ne ikilisiyar take tunawa da su da alfahari fiye da kowane zamani, domin a cikinsu aka ga ƙauye guda na Hausawa zalla yana tashi da addu'ar safe, yana wuni a gona da makaranta, yana kuma ciyar da kansa da guminsa.

Zaman bai daɗe ba. Kurmin da ke bakin rafukan yankin matattara ce ta ƙudan tsando, wanda cizonsa ke kawo ciwon barci, cutar da ke farawa da zazzaɓi da kumburin wuya, ta ƙare da yawan gyangyaɗi da ramewa har mutuwa. Cikin 'yan shekaru cutar ta cinye yawancin mutanen Gimi, manya da yara, waɗanda suka tsira kuma aka kwashe su zuwa Zariya, wasu suka koma garuruwan danginsu. Akwai masu ɗora laifin a kan waɗanda suka zaɓi wurin, amma adalci ya buƙaci a tuna cewa ilmin cutar bai yi nisa ba a lokacin, maganin da ake da shi kuma mai haɗari ne, annobar ma ba ta bar ƙauyukan Musulmi da na Maguzawa da ke kewaye ba. Gwamnati kanta sai a ƙarshen shekarun 1930 ta tashi tsaye a kan lamarin, da shirin Anchau, inda aka sassare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka kuma gina sabon gari mai suna Takalafiya. Mutanen Gimi sun riga wannan taimako da shekara 20.

Ragowar jama'ar su ne suka zama ƙashin bayan Wusasa. A 1929, bayan doguwar matsawa daga gwamnati cewa mishan ya fita daga cikin ganuwa, aka koma Wusasa, wani fili a gindin dutsen Kufena, yamma da birnin Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen. Miller, wanda bai so ƙaurar ba, ya koma Kano ya ƙarasa fassararsa, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da aka gina a Wusasa magina Hausawa ne suka ɗora ta da tubalin ƙasa da bakan gizo irin na soron sarakuna, masu sujada kuma suna tuɓe takalma a ƙofa su zauna a ƙasa, alamar cewa ba a nufi mai bi ya bar Hausancinsa a waje ba. Kusa da ita aka kafa asibitin Luka Mai Tsarki da makarantu, kuma tun daga farko yawancin masu zuwa asibitin Musulmi ne daga birni da ƙauyuka, har da na Kudan da Makarfi, ba a kuma taɓa sa sauya addini ya zama sharaɗin samun magani ba. Bullen ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan a 1935, ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1937, Miller kuwa ya rasu a Bukuru a 1952, aka binne shi a ƙasar da ya ba rayuwarsa.

'Ya'yan da wannan ƙaramar jama'a ta yaye sun fi ƙarfin adadinta nesa ba kusa ba. Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, ƙungiyar da daga baya ta rikiɗa ta zama jam'iyyar siyasa, kuma sunansa ne babban asibitin Barau Dikko na Kaduna yake ɗauke da shi. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ke cikin ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ya yi aikin bishara. Wanda ya fi kusa da labarin Gimi kuwa shi ne Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927 daga zuriyar Isawa, wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, ya kuma ƙare rayuwarsa a 2005 yana duba marasa lafiya a Samaru yana wa'azi. Waɗannan mutane sun yi wa Arewa aiki a matsayin 'ya'yanta, kuma babu wanda ya nemi su nuna shaidar asali kafin ya amfana da iliminsu.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani abin a-zo-a-gani a karkarar Ikara. An kafa dayosis ta Arewacin Nijeriya a 1954, wato yankin da bishop guda yake kula da shi, hankalinta kuma ya fi karkata ga manyan majami'un Sabon Gari, inda 'yan Kudu suke da yawa da hali; yaƙin basasa ya watsa jama'a, gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, kwalejin Bulus Mai Tsarki ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Ƙarancin ma'aikata da kuɗi ne ya jawo wannan jinkiri, tare da dokokin da suka taƙaita wa'azi a ƙasar sarakuna.

Farfaɗowar ta zo ne ta hannun Maguzawa. Wannan suna ana kiran Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya da shi, waɗanda daular Usmaniyya ta bar su a kan al'adarsu bisa sharaɗin biyan jizya, suna zaune a manyan gidajen gandu a bayan gari, sun shahara da ƙwazon noma, matansu ma suna da gonakinsu na kansu. Akwai su da yawa a ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan, da kuma maƙwabtansu na kudancin Kano da Katsina. Daga shekarun 1960, musamman bayan rangadin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi, da shigowar makarantar firamare kyauta a 1976, zama ba tare da ɗaya daga cikin addinan littafi biyu ba ya yi wa Bamaguje wuya, domin ɗansa ba ya iya cike takardar makaranta ko ta aiki sai an tambaye shi addininsa. Da yawa suka musulunta, wasu da yawa kuma suka zaɓi Kiristanci, suka shiga ɗarikun Angilikan, ECWA, Baptis da Katolika. Abin da ya ja su ba wa'azi kaɗai ba ne: sun samu wurin da aka karɓe su da sunayensu na gida irin su Tanko da Ranau da Bawa, inda mace take da murya a taro, inda kuma mai bishara yake zaune a cikinsu yana noma irin nasu, da dare ya kunna fitila ya koya wa manya da yara karatu. Waɗannan masu bishara na ƙauye, waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ma da damin dawa ake biyansu, su ne magina na biyu na ikilisiyar, ko da yake ba a rubuta sunayen yawancinsu a kowane allo ba. Masu bi na wannan zamani sun fi son a kira su Masihiyawa, wato mabiya Almasihu, sunan da ƙungiyarsu ta Tarayyar Masihiyawan Nijeriya take ɗauke da shi.

Sujadar da ake yi a waɗannan majami'u ta haɗa tsari da sakin jiki ta hanyar da ba kasafai ake gani a birni ba. Ana bin Littafin Addu'a da Hausa daki-daki, daga furta zunubi zuwa karatun nassi da shaidar bangaskiya, jama'a suna amsawa da baki ɗaya, wanda hakan ke ba marar karatu damar shiga ibada daidai da mai karatu, tun da maimaitawa ta sa ya haddace. Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, sai ranar da limami ya zagayo ake yin sa, domin limami ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da yawa. Idan aka zo waƙa kuwa sai ƙungiyar Zumuntar Mata ta karɓe fili da tulu da kacau-kacau da ganga, da karin da aka ɗauko daga waƙoƙin niƙa da na gayya aka sa musu sabuwar ma'ana. Babbar rana a shekara, bayan Kirsimeti da Ista, ita ce ta godiyar kaka, lokacin da ake shigo da dammunan dawa da buhunan masara da ɗaurin rake da kaji har gaban bagadi, a sayar da wasu don aikin majami'a, a ware wasu don gwauraye da marayu. Malamin firamare ɗan Kudancin Kaduna, da ɗan kasuwa Ibo, da ma'aikacin lafiya Bayarabe, duk sukan shiga sahu ɗaya da manoman, kuma Hausa ce ke ɗinke su.

Hidimar jama'a a nan ta bi hanyoyin da Bahaushe ya riga ya sani. Gayya ake kira a nome gonar marar lafiya ko a yi wa tsohuwa jinka, mata suna adashi don kuɗin makaranta da na asibiti, ƙungiyar iyaye mata kuma, wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876 ta bazu cikin ɗarikar a duniya, tana koyar da renon yara da tsafta da sana'ar hannu. Rijiyar da aka haƙa a harabar majami'a kowa yake ɗiba, kuma a yawancin ƙauyuka dangi ɗaya ne ya rabu gida biyu, wa Musulmi ƙane Kirista, suna kai wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti, suna haɗuwa a makoki da suna. Wannan zumunci na jini shi ne katangar da ta fi kare yankin a lokutan fitina. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da kewayenta, aka ƙona majami'u da yawa, rikicin shari'a na 2000 da na bayan zaɓen 2011 ma sun bar tabo. Amma wutar daga nesa take tasowa, siyasa da zaman banza na matasa ne suke hura ta, kuma ba a rasa maƙwabta Musulmi da suka ɓoye 'yan uwansu a ɗakunansu ba. Abin lura ne cewa ɗan wannan yanki ne, Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya samo tsarin kotuna da masarautu da ya kwantar da ƙurar rikicin shari'a, a zamanin da Bishop Josiah Idowu-Fearon na Kaduna, masanin addinin Musulunci, yake jan ɗarikar zuwa teburin tattaunawa.

Ta fuskar tsari, girman ya zo mataki-mataki. Cocin Nijeriya ya samu cin gashin kansa a 1979, aka raba dayosis ta Arewa a 1980, sannan a 1997 aka kafa dayosis ta Wusasa musamman domin Hausawa da Fulani na karkara, da Ali Buba Lamido a matsayin bishop na farko, wanda daga baya ya zama babban bishop na lardin Kaduna. A shekarun da Peter Akinola yake shugabancin ɗarikar a ƙasa, tsakanin 2000 da 2010, aka bi manufar kai bishop kusa da jama'a ta hanyar kafa ƙananan dayosis na bishara, a cikin wannan yunƙuri ne Ikara ta samu tata, aka naɗa Yusuf Janfalan bishop na farko, mutumin da sunansa yake ɗauke da sunan ɗaya daga cikin gundumomin Ikara. Ma'anar wannan ga jama'ar ta fi gaban tsarin mulki, domin zuriyar waɗanda a da ake kira arnan bayan gari sun ga Bahaushe irinsu riƙe da sandar kiwo, yana ɗora wa 'ya'yansu hannu da harshen da aka yi musu tawai da shi. Limaman da ke aiki a dayosis ɗin da yawa sun fito ne daga kwalejin tauhidi ta Faransis Mai Tsarki da ke Wusasa.

Batun adalci, wanda ikilisiyar ta gada daga Miller, yau ya ɗauki wata kama. Koyarwar annabawa irin su Amos da Mika, waɗanda suka tsawata wa masu tauye mudu da masu ƙwace gonar talaka, tana da saurin shiga kunnen manomin da ya sayar da tumatirinsa da asara saboda rashin wurin adanawa, ko ya ci bashin taki da ruwa mai nauyi. Akwai kuma koke-koken da suka shafi Masihiyawa kai tsaye, waɗanda shugabanninsu suka sha gabatarwa ga hukuma: wahalar samun filin majami'a da maƙabarta, ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, jinkirin takardar shaidar zama ɗan ƙasa ga mai sunan Bulus ko Rifkatu, da aurar da 'yan mata ƙanana ba da yardar iyayensu ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, ya kuma hana wariya a sashe na 42, saboda haka abin da ake nema cika doka ne kawai. Hanyar da ikilisiyar ta fi bi ita ce ta zuwa fadar hakimi da dagaci da ofishin ƙaramar hukuma a yi magana cikin ladabi, kuma wannan haƙuri, da wasu matasa suke gani kamar rauni, shi ne ya sa har yanzu ake buɗe mata ƙofa. Amfaninta ga yankin ya wuce adadin membobinta, domin kasancewarta tana tuna wa kowa cewa Hausanci yare ne da al'ada da zumunta da suka isa su ɗauki addini fiye da ɗaya, kuma ƙasar da ta iya riƙe 'yan tsirarunta da mutunci ta fi samun zaman lafiyar da noma da kasuwa suke buƙata.

Abin da ya rage shi ne adana wannan tarihi kafin ya salwanta. Dattawan da suka ga shigowar bishara gidajen Maguzawa a shekarun 1970 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, labarin Isawa kuma ya fi yawa a littattafan Turanci da jikokinsu ba sa karantawa. A 2029 majami'ar Wusasa za ta cika shekara 100, kuma ya dace dayosis ta Ikara da ta Wusasa, tare da Masarautar Zazzau da sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, su haɗa hannu kafin lokacin a naɗi muryoyin waɗannan dattawa da Hausa, a tattara sunayen masu bisharar ƙauye, a kuma kewaye wurin da mutanen Gimi suke kwance a sa masa alama.